Ku Tambaya: Idan 'yan sanda sun ce babu mai, wurin wa ya kamata su fara zuwa?

Wasiƙun da suka iso wannan watan daga Garwa, Marwa, Gidar da Mora a arewacin Kamaru kusan duk kukansu ɗaya ne: an kai ƙara, an ce babu mota, ko babu mai, ko babu mutum. Lauyan wannan shafi ne ya amsa su, tare da wani tsohon jami'in bincike da wata ma'aikaciyar jinya.

Tambaya: Assalamu alaikum. An fasa mini shago da dare, an kwashe buhunan shinkafa da jarkokin man gyaɗa da wayata ta ciniki. Na je komisariya, wato ofishin 'yan sanda, da safe, aka rubuta, aka ce in koma, ba su da man zuwa. Amma a ranar na ga motarsu ta shiga wata unguwa saboda rigimar miji da mata. An rage musu kuɗi ne, ko ƙarata ce ba ta da daraja? (Alhaji, ɗan kasuwa, Garwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kuɗin da gwamnati ke kashewa a kan 'yan sanda da jandarmomi iri biyu ne: albashi, wanda da wuya a taɓa shi, da kuɗin aikin yau da kullum, wato mai, gyaran mota, taya, takarda, tawadar injin bugawa da katin waya. Duk sanda aka tsuke bakin aljihu, na biyun ne ke fara jin jiki. Kuma ko ba a rage ko dala ba a takarda, tsadar mai ita kaɗai ta isa. Kafin Fabrairun 2023 litar gas da motocin sintiri ke sha sefa 575 ce, ta koma 720, sannan a Fabrairun 2024 ta kai 828. Fetur ya tashi daga 630 zuwa 840. Ofishin da ake ba shi sefa 100,000 na mai, da yana samun lita 174 ta gas, a farashin 2024 kuwa 121 zai samu. Ga kuma ƙarancin mutane: tun 2014 yaƙin Boko Haram ke janye jami'ai zuwa Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari, daga ƙarshen 2016 rikicin yankunan masu Turancin Ingilishi ya ƙaru, ga masu garkuwa da mutane a Mayo-Rey da Adamawa.

Idan mota ɗaya ce kuma kira biyar ne, dole a zaɓa. Jami'in da ya san aikinsa yakan tambayi kansa: akwai ran da ke cikin haɗari a yanzu? Mai laifin yana nan kusa, zai iya komawa kan mutumin? Wanda aka cuta yana iya kare kansa, ko yaro ne, ko tsoho, ko mai ciki, ko makaho, ko mai taɓin hankali? Akwai shaidar da za ta lalace in aka kwana? Kamar layin asibiti ne, mai zubar jini yana shiga kafin wanda ya riga shi zuwa. A wannan ma'auni, Alhaji, ɓarayinka sun riga sun tafi kuma kana da lafiyarka, alhali abin da ake kira "rigimar miji da mata" sau da yawa akwai wuƙa ko taɓarya a ciki. In haka ne, sun yi daidai da suka fara can. Inda ba su kyauta ba shi ne barinka babu ranar da za su zo, babu kuma sunan wanda ke riƙe da ƙararka.

Ko ƙasashe masu arziki sun shiga wannan hali. A Ingila da Wales an rage 'yan sanda kusan 20,000 tsakanin 2010 da 2018. A 2015 shugabar majalisar manyan 'yan sandan ƙasar, Sara Thornton, ta fito fili ta ce kada jama'a su sa ran ganin ɗan sanda a kowane gidan da aka fasa, domin an karkata ga laifuffukan lalata da yara da makamantansu. A Leicestershire har an gwada tura masu ɗaukar shaida gidajen da lambarsu ta rabu biyu daidai kawai, idan yunƙurin fasawa ne. Jama'a ba su yarda ba, kuma a 2022 shugabannin suka yi alkawarin zuwa duk gidan da aka fasa. Mu ma ra'ayinmu ke nan: a jinkirta ƙarar dukiya domin ceton rai, amma kada a watsar da ita, domin ɓarawon da ya ga babu mai binsa gobe gidan gwauruwa zai haura.

Ga abin da ke hannunka. Kada ka gyara ƙofa sai ka ɗauki hoton kwaɗon da aka karya, da sawun ƙafa ko na taya, da inda kaya suke a da. Rubuta abin da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, da yawansa da farashinsa, ka haɗa da rasit. Nemo lambar IMEI mai lamba 15 a jikin kwalin wayar, domin da ita ce mai bincike zai rubuta wa MTN ko Orange ko Camtel. Masu karatu da wayarsu ke hannu, ku danna *#06# yau ku rubuta lambar a wani wuri. Je ka rufe layin da asusun kuɗin da ke kansa a ranar. In maƙwabci yana da kyamara, ka roƙe shi da wuri, domin yawancin na'urorin suna shafe tsohon hoto cikin mako ɗaya ko biyu. A komisariya ka tabbatar an rubuta cewa fasawa aka yi: sata zalla a sashe na 318 na dokar laifuffuka shekara 5 zuwa 10 ce, amma sashe na 320 ya ninka hukuncin idan an fasa ƙofa, ko an haura katanga, ko an zo da makami. Ka karɓi lambar da aka yi wa ƙararka rajista da sunan mai binciken. Sannan ka sanar da shugabannin kasuwa su ja kunnen masu saye, domin karɓar kayan sata laifi ne a sashe na 324. In an fasa wasu shagunan ta hanya iri ɗaya, ku tafi tare. Ƙara biyar da ke nuna gungu ɗaya ta fi samun mota a kan ƙara biyar a warwatse.

Tambaya: Wani magidanci ya lalata 'yar maƙwabciyata mai shekara 12. Uwar ta faɗa mini jiya cikin kuka. Dangi sun ce a kai wa lawan a sasanta, a rufa asiri, har ana maganar ya aure ta. Ita kuma uwar tana tsoron za a nemi kuɗin mai, ba ta da shi. Me za mu yi? (Wata uwa, Marwa)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da ba ki yi shiru ba. Wannan ita ce irin ƙarar da babu ƙarancin man da zai sa a ajiye ta, kuma awoyi ake ƙirgawa a cikinta.

Asibiti ne farko, yau ɗin nan, ba sai an je wurin 'yan sanda ba. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72 da faruwar abin, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, kuma ana shan shi kwana 28 ba fashi. Yakan sa tashin zuciya da kasala a makon farko, shi ya sa yara da yawa ke dainawa, don haka a ba ta shi bayan abinci kuma a koma wa likita in ya dame ta. Maganin hana ɗaukar ciki yana aiki har zuwa awa 120 idan yarinyar ta fara al'ada ko ta kusa. Akwai kuma maganin cututtukan sanyi, da allurar ciwon hanta, da ta tetanus in akwai rauni. Ko an wuce waɗannan awoyin a je, domin sauran magani da gwaji da rubuta rauni duk suna nan.

In ba ta yi wanka ba, a dakata har likita ya duba ta. In ta yi, ba a fasa zuwa. Tufafin da ta sa a lokacin, har da ɗan kamfai da zanen shimfiɗa, kada a wanke. A bari su sha iska a inuwa in da danshi, a naɗe kowanne daban a takarda ko ambulan. Leda tana riƙe danshi, tufa ya yi fumfuna, shaida ta lalace. A nemi likitan asibitin gwamnati ya cika takardar shaida ta shari'a, wadda a asibiti ake kira certificat médico-légal, a yi mata kwafi biyu ko uku kafin a miƙa ta ainihi.

Abin da ke rusa irin wannan shari'a a yankinmu, fiye da rashin mai, shi ne rashin takardar haihuwa. Sashe na 346 na dokar laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 15 ga wanda ya sadu da yaro ko yarinya ƙasa da shekara 16 ko da an ce da yardarta, sannan shekara 15 zuwa 25 idan fyaɗe ne. Lauyan wanda ake tuhuma zai ce ta girma. In babu takarda, a nemi likita ya rubuta shaidar kiyasin shekaru, a haɗa da katin rigakafi ko rajistar makaranta, a kuma fara neman hukuncin kotu da ke maye gurbin takardar haihuwa.

Kada a sa yarinyar ta yi ta maimaita labarin ga kowane baƙo. Uwa ta saurara sau ɗaya, ta rubuta ko ta sa a rubuta kalmomin yarinyar yadda ta faɗe su, ba tare da an cusa mata amsa ba. Maimaitawa tana ƙara mata ciwo, kuma bayani yakan sauya har a ce ƙarya take yi.

Batun lawan kuwa, muna girmama sarakunanmu, kuma suna da hurumin sasanta rikicin gona da bashi da gado. Amma hukunta laifi irin wannan ba ya hannunsu, ba ya hannun kotun gargajiya. Dokar laifuffuka ta 12 ga Yulin 2016 ta rufe ƙofar aure: sashe na 297 ya ce auren da ya biyo baya ba ya hana tuhuma ko hukunci, sashe na 356 kuma ya sa aurar da wanda bai kai shekara 18 ba ya zama laifi. Waɗanda ke shirya wannan aure suna jefa kansu cikin tuhuma. Sashe na 135 na dokar tsarin shari'ar laifuffuka ma ya ɗora wa duk wanda ya san an yi babban laifi ya sanar da hukuma, don haka ke da kanki kina iya kai rahoto.

In an ƙi karɓa a birgad (ofishin jandarmomi) ko komisariya, a wuce kai tsaye ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnati a kotu, wanda a takarda ake rubuta Procureur de la République. Shi ke ba masu bincike umarni. A kira 116, layin kare yara. A Marwa akwai ƙungiyar ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata, wadda Aissa Doumara ke cikin waɗanda suka kafa reshenta, da ALDEPA ta Marthe Wandou, dukansu sun saba raka iyalai asibiti da kotu. Akwai kuma cibiyar jin daɗin jama'a ta gwamnati a gunduma. In mutumin gida ɗaya suke da yarinyar, ko ƙofa da ƙofa, a ɗauke ta zuwa wurin wata 'yar'uwa amintacciya tun daren yau.

Tambaya: An sace mini babur. Na ba da jaka biyar kuɗin mai, aka kama wanda nake zargi, bayan kwana biyu na gan shi a tasha. An saye su ne? (Ɗan acaɓa, Gidar)

Amsa: Malam, mu raba maganar biyu. Kuɗin mai babu shi a doka. Bincike aikin gwamnati ne. A al'ada ana manna tambur, wato kan sarki, na sefa 1,500 a ƙarar da aka rubuta, amma doka ta yarda da ƙarar baki, jami'i ya rubuta. Mun san mutane na bayarwa don aiki ya tafi, kuma mun san akwai jami'an da tankinsu a bushe yake da gaske. Illar ita ce kuɗin mai yana juya layin nan da muka bayyana wa Alhaji: mota ta bi mai aljihu, ta bar yarinyar Marwa. In babu makawa, gara ka kai mai binciken wurin da kanka a babur ɗin abokin aiki da ka damƙa kuɗi a hannu. In an ce ba a taɓa ƙararka sai ka biya, akwai 1500 na hukumar 'yan sanda, 1501 na jandarmomi, 1517 na hukumar yaƙi da rashawa CONAC. Ka faɗi rana, ofishi, adadi da abin da aka ce maka. Ƙin yin aikin da ya wajaba a kan ma'aikaci laifi ne a sashe na 148 na dokar laifuffuka.

Sakin wanda aka kama kuwa ba lalle cin hanci ba ne. Tsarewar 'yan sanda awa 48 ce, ana sabunta ta sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara. Wanda aka san gidansa ba a tsare shi sai da hujja mai ƙarfi, kuma ba a fara tsarewa ranar Asabar, Lahadi ko ranar hutu sai in an kama mutum dumu-dumu. Zargi kaɗai ba ya riƙe mutum. Ka kai katin babur da rasit, da lambar shasi da ta inji, da mutumin da ya ga wani abu da idonsa. Ka tambaya ko an tura fayil kotu, da lambar da aka tura shi da ita.

Tambaya: Mijina yana dukana. Sau biyu ina zuwa, ana ce mini maganar gida ce. Makon jiya ya shaƙe ni har na ga duhu, ya ce in na fita sai ya kashe ni. Ina da ciki wata biyar. (Ba ta sa suna ba, Garwa)

Amsa: 'Yar'uwa, ranki na cikin haɗari, kuma a layin da muke magana ke ce a gaba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya nuna macen da mijinta ya taɓa shaƙewa ta fi sauran matan da ake duka shiga haɗarin kisa kusan sau bakwai. Barazanar kisa, ciki, da lokacin da mace ke shirin fita, duk suna ƙara haɗarin.

Ki je asibiti ko babu alama a wuya, domin kumburin maƙogwaro yakan zo daga baya, kuma a duba cikin. Dashewar murya, wahalar haɗiya ko jan ido, duk ki faɗa a rubuta. Ki lura da adadin kwanakin rashin iya aiki da likita zai sa a takarda, don da shi kotu ke auna laifin: sama da kwana 8 zuwa 30 sashe na 281 na dokar laifuffuka ne, sama da 30 sashe na 280, mai ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5. Barazana laifi ce mai zaman kanta, haka ma korar mace daga gidan aure ba da hukuncin kotu ba, a sashe na 358-1.

Kunya takan sa mace ta ce "mun samu saɓani", jami'i kuma ya rubuta abin da ya ji. Wannan karon ki faɗa da kalmominsa: ya shaƙe ni ranar kaza, ya ce zai kashe ni, ina da ciki, yana da wuƙa, yana gida yanzu. Ki nemi jami'a mace ko teburin mata da yara in ofishin yana da shi. Za a rubuta bayanin da Faransanci, don haka kada ki sa hannu ko yatsa sai an karanta miki an fassara da Hausa ko Fulatanci. Haƙƙinki ne. Kada ki karɓi takardar sammaci ki kai masa da hannunki, wannan ya jawo wa mata da yawa mummunan duka. A ba mai unguwa ko jami'i ya kai.

Kafin nan, ki ajiye katin shaidarki, katin awo, takardun haihuwar yara da 'yan kuɗi a gidan wadda kika amince da ita. Ku yi wata kalma ko alama da maƙwabciya wadda in ta ji za ta kira 117 na 'yan sanda ko 113 na jandarmomi. In rigima ta tashi ki nisanci madafa da ɗaki mai ƙofa ɗaya. Kada ki sanar da shi ranar da za ki fita. Iyaye da malamai da za su shiga tsakani, muna roƙonsu su yi sulhunsu tana wani gida, ba tana ɗakinsa ba.

Tambaya: Mahaifina makaho ne, mun gudo daga ƙauyenmu na bakin iyaka. Wasu samari kan ƙwace masa abincin agaji duk ranar rabo. Ba shi da katin ɗan ƙasa, yana tsoron in ya je shi za a tsare. (Ɗan gudun hijira, Mora)

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Rashin kati bai cire masa haƙƙin kai ƙara ba, amma tsoronsa yana da dalili a yankin da ake yawan tambayar takardu, saboda haka kada ya je shi kaɗai. Ku tafi da bulama ko shugaban 'yan gudun hijira na wurinku wanda zai shaida shi, da katin rabon abincin, da duk wata tsohuwar takarda mai sunansa. Kai ma kana iya kai rahoton a madadinsa. Ku bayyana cewa makaho ne, abin yana maimaituwa, kuma kun san ranar rabo ta gaba. Laifin da aka san ranarsa da wurinsa ba ya cin mai da yawa, jami'i biyu a ƙafa sun isa.

Ku sanar da teburin koke na ƙungiyar da ke rabon, ku nemi a rubuta sunanka a matsayin mai karɓa masa. 'Yan sa-kai za su iya raka shi gida, amma in sun kama wani su miƙa shi ga jandarmomi ba tare da duka ba, don duka yana mayar da mai ƙara wanda ake tuhuma. In magana ta kai kotu kuma babu kuɗin lauya, dokar 14 ga Afrilun 2009 ta tanadi taimakon shari'a ga marasa hali: ana rubuta wa sakataren kwamitin da ke kotun, a haɗa da takardar shaidar rashin hali daga magajin gari. In aka ci zarafinsa a ofishi saboda rashin kati, ku kira Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Kamaru a 1523.